Kaska Ma A Sa Ta Cikin Lissafi

'Yan'uwa mata, a ƙasar Funtua da Malumfashi da wuya ki shiga gida ba ki tarar da akuya ko ragon Sallah a turke ba, kuma yawanci mu ke kiwonsu. Inda dabba take kuwa, nan kaska take, balle da damina. Mun saba mu cizge ta mu murje da yatsa, ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. To, rashin sani ya fi dare duhu.

Kaska tana sa wa mutum cuta. Akwai zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini, wanda ake ɗauka daga cizonta ko daga jinin dabbar da ke ɗauke da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da ya kwantar, 10 zuwa 40 kan rasu. Akwai kuma zazzaɓi mai tafiya ya dawo, wanda wata kaska mai zama a ramin ɓera ke kawowa, akan ɗauka na sauro ne. A ƙauyen Dielmo na ƙasar Senegal, likitoci sun yi ta auna jinin masu zazzaɓi daga 1990 zuwa 2003, suka tarar kimanin mutum 11 cikin 100 na kamuwa da shi kowace shekara. Ƙidaya ce ta tona asirinsa.

Mu ma ƙidaya ba baƙuwarmu ba ce. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Liverpool ta Ingila sun bi ƙauyukan Malumfashi suna lissafin masu tsargiya da waɗanda maciji ya sara. Me zai hana a yi wa kaska haka? Muna roƙon hukumomin lafiya na Jihar Katsina su ware wa cizon kaska gurbi a littafin kowane ɗakin shan magani. Cutar da ba a rubuta ba, ba a yi mata tanadin magani.

Amma malamin asibiti ba ya rubuta abin da ba a gaya masa ba. Uwargida, in kin ga kaska a jikin yaro, kama ta da matsefata dab da fata, ki ja a hankali, ki wanke wurin da sabulu. 'Yan makaranta, ku rubuta wa iyayenku ranar. In zazzaɓi ya biyo baya, a garzaya asibiti, a faɗa wa likita tun bai tambaya ba.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.