Kanikawa, Ku Mayar Mana da Tamostat Ɗinmu

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Wannan daga sama ya faɗo mana. Abin da ke ƙona mini rai shi ne man da ke tafiya a banza saboda aika-aikar da ake yi wa motocinmu a gareji, kuma mu ne muke biyan kuɗin aikin har da godiya.

Ka sayo 'yar Kwatano lafiyarta ƙalau, ka kai a duba maka. Maganar farko daga bakin bakanike ita ce, "Alhaji, a cire tamostat, na ƙasar sanyi ne." Ya cire ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Wallahi ƙarya ce, kuma mai tsada. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, a Kano yake ko a Jamus. Tamostat shi ke tare ruwa kada ya zagaya lagireto sai injin ya ɗumama. In babu shi, injin ba ya kai zafinsa, musamman da safiyar hunturu ko a kan doguwar hanya. Kwamfutar motar tana jin sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai kamar yanzu aka tayar. Rarar man nan ba ta ƙara maka ko taku ɗaya. Baƙanta fulogi take yi, ta wanke baƙin man jikin silinda, saura ya fita ta salansa. Zafin da ake gudu kuwa, yawanci lagireto ne ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta gaji. Wa ya tsaya ya duba?

Sai abin da ake kira indomi, matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Ana sayenta da tsada saboda 'yan ƙarafa masu daraja da ke jikinta, shi ya sa ake ce maka ta toshe ko da lafiyarta lau. Wajen fasa ta akan lalata sensar da ke auna iskar da ta rage a hayaƙi, wadda da ita kwamfuta ke daidaita kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur. Sensa ta mutu, mota ta koma shan mai a makance. Fitilar gargaɗi ta kunna a gaban direba, sai mai waya ya zare ƙwanta ko ya liƙe ta da baƙin tef. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna.

Na san da yawa daga cikin manyan kanikawan nan a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, mai kafireta da ake saitawa da kunne da sukundireba. Ina girmama wannan ilimi. Amma duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da ramin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, ka soka na'ura ta faɗi ciwonta da lamba. P0128 na nufin injin bai kai zafinsa ba. Na'urar ba ta kai kuɗin cika tanki ɗaya ba. Me ya hana garejin da ke karɓar motoci goma a rana ya mallake ta? Sai dai canki-canka: yau a wanke nozul, gobe a sauya famfon mai, jibi a aika ka kasuwar Ƙofar Ruwa sayen fulogin jabu.

Mu masu mota ma da namu. Muna ƙyashin biyan kuɗin bincike, muna auna shan mai da allura da "na sa na dubu goma". Cika tanki har famfo ya yanke, rubuta kilomita, yi zirga-zirgarka, sake cikawa, ka raba tafiyar da litocin da suka shiga. Dubi takardar da ke liƙe a bakin ƙofar direba ka ga iskar da tayarka ke buƙata, kada ka yarda mai faci ya auna ta da bugun ƙarfe. Bayan tafiya taɓa ƙafafun motar a hankali, wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa. Daina zuba baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta masa 5W-30.

Ƙungiyoyin kanikawa kuwa, da ke karɓar kuɗin mambobi, su wajabta wa kowane gareji na'urar bincike, su koya wa yara karanta ta. Duk wanda aka kama ya fasa indomin mutum ba da saninsa ba, a sa shi ya biya sabuwa daga aljihunsa.