Birki Ba Ya Tsinkewa Bai Yi Magana Ba



Yau ba zancen littafi zan yi ba, ko da yake a ƙarshe kan littafin maganar za ta faɗa. Zancen mota zan yi, kuma babbar mota, irin wadda in ta taho kowa ke kauce mata. Wanda ya jawo zancen kuwa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa shida yana yaron mota a hannun wani direban tirela ɗan garinmu Kibiya, bana kuma ya ga lokaci ya yi da zai nemi lasin nasa na kansa, rukunin G, wato na masu jan tirela da tanka.

Ran nan na je gida hutu, bayan sallar isha'i sai ga shi ya shigo ɗakina riƙe da waya. Ya ce, "Yaya, don Allah fassara mini wannan. An ce shi direbobin Amurka ke karantawa kafin a ba su lasin babbar mota." Da na duba sai na ga babi guda ne sukutum a kan birkin iska kaɗai. Ashe a can, wanda bai ci jarrabawar wannan babi ba, a jikin lasinsa ake rubuta cewa an hana shi tuƙa duk motar da ke da birkin iska. Dare uku muka yi muna fama, ni na san Turanci ban san mota ba, shi ya san mota bai san Turanci ba. Abokansa kuwa dariya suke masa, don tuni wani dillali ya ce masa ya kawo kuɗi kawai, ba karatu ba gwaji, lasin zai fito. Suka ce, "Kai da ka yi shekara shida kana saka weji, wace takarda ce za ta koya maka birki?"

To a waɗannan darare uku ne na gano abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kalmar nan da muke ji kullum a rediyo bayan an yi hatsari, wai "birki ne ya tsinke", mun karɓe ta tamkar an ce aradu ce ta faɗo. Alhali birkin babbar mota ba ya tsinkewa haka siddan. Yana magana tun da wuri, yana kuka, yana nuna alama. Matsalar ita ce ba mu koya wa yaranmu yarensa ba.

Bari in ɗan yi bayani yadda na fahimta, in na yi kuskure direbobi da makanikai su gyara mini. Birkin ƙaramar mota da mai yake aiki. Na babbar mota kuwa da iska. Injin yana juya wata na'ura da ake kira kwamfureso, ita ke ɗura iska cikin tankunan da ke ƙarƙashin motar. Akwai wani ɗan ƙarfe mai suna gwamna da ke tsaron ta: a motocin ƙirar Amurka irin su Mack, in iska ta kai wajen 125 a ma'aunin psi sai ya dakatar da ɗurin, in ta sauko wajen 100 sai ya sake shi. Wannan tsakin da kake ji babbar mota ta yi tana tsaye a tasha, sau da yawa alama ce ta cewa tankunan sun cika. In direba ya taka birki, sai iskar ta bi tiyo ta shiga wata 'yar tukunya a gindin taya, ta tura sanda, sandar ta buɗe layinin ya manne da durom, taya ta tsaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na gaba. A tayoyin baya akwai wani ƙaƙƙarfan sifirin wanda kullum so yake ya damƙe taya, iska ce ke danne shi. Wato in iska ta ragu ƙasa da 60, jar fitila za ta kama ko ƙararrawa ta yi ta ƙara. In direba bai kula ba ta ci gaba da zurarewa ta kai tsakanin 45 da 20, sifirin nan zai ƙwace ya damƙe tayoyin da kansa. Wannan tunani, na cewa in abu ya lalace mota ta tsaya maimakon ta zabura, ya girmi kakanninmu. Wani Ba'amurke, George Westinghouse, ya ƙirƙiro birkin iska don jirgin ƙasa a 1869, a 1872 kuma ya gyara shi yadda in bututun iska ya fashe jirgin zai tsaya da kansa. Motocin DAF da MAN da HOWO da suka cika hanyoyinmu agogonsu da ma'aunin ba yake lissafi, lambobinsu kuma sun bambanta, amma hikimar ɗaya ce.

To in haka ne, mai karatu zai tambaya, me ke sa tirela ta ƙwace ta afka kasuwa? Ni ma tambayar da na yi wa ƙanena ke nan, kuma amsar da ya ba ni ta fi ta takardar ɗaci, don shi ya gani da idonsa.

Na farko, zafi. In mota tana gangara da kaya direba ya kwanta a kan birki, durom yakan yi zafi ya buɗe, layinin ya daina kamawa. Iska na nan cike, agogo lafiya lau, amma ka taka ka ji kamar ka taka auduga. Maganinsa shi ne a sauko da giya ƙasa tun kafin a fara gangarar, a bar injin ya riƙe motar. Duk direban da ya taɓa bi ta dajin Falgore ya haura Jos sannan ya sauka Hawan Kibo ya san abin da nake faɗa.

Na biyu, firi. Don a rage shan gas, wasu sukan cire giya a gangara su bar mota ta tafi da nauyinta. A lokacin injin ba ya riƙe komai, kwamfureso kuma yana juyawa a hankali, ga direba yana ta dannan birki yana saki, kowane danni yana cin iska fiye da yadda ake mayar da ita. Litar gas nawa aka tsira da ita, rai nawa aka sa a caca?

Na uku, gyaran ganin dama. Layinin ya cinye ba a canza ba, sandar nan ta yi nisa ba a ɗaure ta ba, tiyo ya tsage an naɗe shi da roba, ruwa ya taru a tanki don ba a zubar da shi kullum yadda ya kamata. Mafi muni, in tukunyar wata taya ta fara yoyo a hanya, sai a ɗaure sifirin ɗinta ko a toshe tiyon, a ce in an isa za a gyara. In an isa kuma sai a ɗora wani kayan. Da hannunmu muke cire wa motar abin da aka sa mata don ya cece mu.

Na huɗu, nauyin da ya wuce kima. Birkin da aka auna wa wani nauyi ba zai tsayar da ninkinsa ba. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta hana tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 lodi tun daga watan Maris na 2025.

Ga kuma wani abu da ko lafiyayyar mota ba ta tsira daga gare shi ba. Iska ba ta isa taya nan take, tana ɗaukar wajen rabin daƙiƙa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda, wato kafin birki ya fara kamawa ma ta riga ta tafi mita 11. 'Yan acaɓa da masu adaidaita sahu da ke kutsawa gaban tirela, wannan lissafi naku ne ku ma.

Me ya sa abin ya dame ni har haka? Saboda mu mutanen ƙasar Rano babbar mota a jininmu take. Sunan garin ma yana yawo a jikin tankoki da gidajen mai na kamfanin A.A. Rano daga Kano har Legas, kuma yaro a Rano ko Kibiya ko Bunkure in ya ga tankar nan ta wuce, gani yake ga hanyar arziki. Da kaka kuma manyan motoci ne ke kwasar masara da dawa da shinkafarmu zuwa Dawanau. Kusan kowace zuri'a tana da ɗa a kan hanya, kuma kusan kowace tana da wanda aka kawo a likkafani, ko wanda ko gawarsa ba a gani ba. Wanda ya tuna gobarar gadar Otedola a Legas a watan Yunin 2018, inda tankar mai ta kama da wuta ta cinye motoci sama da 50, zai tuna cewa birki aka ɗora wa laifi a rahotanni.

Na san abin da za a ce. Za a ce tsofaffin direbobinmu ba su shiga aji ba, amma sun yi shekara talatin a hanya ko akuya ba su taka ba. Gaskiya ne, kuma ba na raina koyon da ake yi a gindin mota. Tun zamanin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa, wannan makaranta ce ke fitar mana da direbobi. Amma a da yaro yakan yi shekara goma maigidansa bai ba shi sitiyari ba. Yanzu motoci sun yi yawa, masu su suna gaggawa, yaro ya iya ribas kawai sai a miƙa masa makulli. Abin da tsoho ya tara a kunne cikin shekara talatin, dole a ba yaron yau shi a takarda cikin wata uku, in ba haka ba sai ya koye shi a kan rayukan mutane.

Za a kuma ce ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ba makawa. Na yi imani da haka. Amma Bahaushe ne dai ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanda ya ji ƙararrawa na kuka ya zare wayarta don ta dame shi, bai kamata ya laɓe a bayan ƙaddara ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta direbobin kansu: in ka ce wa mai mota birki na yoyo ba za ka tashi ba, gobe wani ne a kujerarka. Wannan kam karatu kaɗai ba zai magance ta ba. Aiki ne na ƙungiyoyin NARTO da NURTW da reshen direbobin tanka na NUPENG su tsaya wa duk direban da ya ƙi tashi da mota marar lafiya. Aiki ne na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa tun 1988, da jami'an VIO, su tabbatar duk mai neman rukunin G ya tsaya gaban mota ya gwada birkinta da hannunsa. Ga cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT nan kusa da mu a Zariya tun 1986. Me zai hana ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su riƙa ɗaukar nauyin yaran mota zuwa can, kamar yadda ake ɗaukar nauyin ɗaliban boko?

Sai mu marubuta. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, jarumanmu duk 'ya'yan Alhaji ne da likitoci da matuƙan jirgin sama, amma ƙanena sai da ya jira na zo hutu kafin ya fahimci abin da ke tsakaninsa da kabari, don da Turanci ya same shi. Babin nan bai fi shafi goma sha wani abu ba. Da mutum biyu cikinmu za su zauna da tsofaffin direbobi da makanikai su rubuta irinsa da Hausar tasha, a karanta shi a murya a riƙa turawa ta WhatsApp don wanda bai iya karatu ba, da mun yi aikin da ya fi labari ɗari.

A rana ta huɗu muka tafi Rano inda motar maigidansa take fake. Ƙanena ya ce, "Baba, ina so in gwada wani abu." Ya sa weji, ya tayar da mota har iska ta cika, ya kashe injin, ya saki hambirki, ya taka birki ya riƙe, ni kuma ina duba agogon wayata. Takardar ta ce bayan faɗuwar farko, mota mai jan bodi kada ta zubar da fiye da 4 cikin minti guda. Tasu ta zubar da kusan 10. Dattijon nan ya yi shiru, ya sauka ya zagaya yana kasa kunne, can ya tsaya a kan wani tiyo da aka naɗe da roba tun wata tafiya da suka yi Fatakwal. Ya ce, "Na san da shi, ɗana. Kullum cewa nake in mun dawo." A ranar aka canza shi, kuɗinsa bai kai na buhun masara guda ba.

Ƙanena bai bi ta hannun dillalin nan ba. Ya yi rajista a makarantar koyon tuƙi, yana jiran ranar gwajinsa. Innarmu ba ta san psi ba, ba ta san gwamna ba, abin da ta sani shi ne duk ranar da zai tashi sai ta raka shi bakin zaure da addu'a. Ni kuma yanzu in ya kira ya ce za su tashi, tambayar farko da nake masa ita ce ko ya zubar da ruwan tanki.

Allah ya kiyaye hanya, ya maido mana da matafiyanmu lafiya. Mu kwana nan.