Horar da fastoci a arewacin Jigawa: Ƙaramin sani ƙuƙumi ne

A masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Kiristoci 'yan tsiraru ne ƙwarai. Majami'un da ke yankin ƙanana ne, kuma da yawa daga masu zuwa cikinsu aiki ne ko fatauci ya kawo su: ma'aikatan gwamnati, jami'an tsaron kan iyaka, da 'yan kasuwar da ke bin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kai jarida ga batun horar da fastoci a irin wannan wuri. Amsar ita ce, inda jama'a ba su da yawa nan ne maganar mutum ɗaya take da nauyi. A ƙaramin gari kamar Sule Tankarkar, fasto shi ne fuskar addininsa baki ɗaya. Abin da ya faɗa ranar Lahadi, kafin la'asar ya isa majalisar masu shayi. Idan mai ilimi ne mai natsuwa, mabiyansa da maƙwabtansu Musulmi duk za su ci moriya. Idan kuwa mai ƙaramin sani ne, kowa na iya ɗanɗana kuɗarsa.

Arewa ba baƙuwa ba ce ga ilimin tauhidin Kirista, kuma da Hausa aka kafa harsashinsa. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a Zariya tun 1905, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar da ta kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954, ya buɗe makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa a wurare irin su Kagoro da Tofa kusa da Kano. A tsallaken iyaka ma haka aka yi a Tsibiri kusa da Maraɗi, da kuma Agye. Ɗaliban waɗannan makarantu manoma ne, da Hausa suka yi karatu, kuma ƙauye suka koma da suka gama.

Daga baya karatun ya hau sama. An buɗe Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya, wato TCNN, da ke Bukuru, a 1959. Katolika suna da babbar makarantar horar da limamai ta St Augustine a Jos, Angalika suna da kwalejin St Francis a Wusasa, ECWA kuma ta kafa JETS a Jos a 1980. Marigayi Dakta Byang Kato, ɗan Kwoi, ya yi ta nanata buƙatar ilimi mai zurfi ga shugabannin ikilisiya a Afirka kafin rasuwarsa a 1975, kuma shekara ɗaya bayan haka aka kafa hukumar ACTEA mai tantance makarantun tauhidi a nahiyar.

Wannan ci gaba ne da ba mai musunsa. Amma ya zo da tasa matsalar. Karatun digiri da Turanci ake yin sa, a garuruwan da ke da nisan tafiyar yini daga bakin iyakar Jigawa. Saurayin da ya kashe shekara huɗu da kuɗi masu yawa a can, da wuya hankalinsa ya kwanta da ikilisiyar da baikonta na Lahadi bai kai kuɗin buhun gero ba. Birni zai nema. Makarantun Hausa kuwa an bar su a baya, ana kallon takardar shaidarsu a matsayin ta ƙasa. Sakamakon shi ne, ƙananan ikilisiyoyi kan samu ɗayan biyu: ko baƙon da bai san harshe da al'adar wurin ba, yana ƙirga kwanakin da za a sauya masa wurin aiki, ko kuma mai himmar da bai samu isasshen horo ba.

Sai kuma wata sabuwar annoba, ta masu buɗe “makarantar Baibul” a shago, su raba takardar digiri cikin 'yan watanni. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sha fitar da jerin jami'o'in bogi, kuma a ciki akan samu masu fakewa da sunan addini. Ga wayar salula ta sa kowa ya zama mai wa'azi a Facebook da TikTok, babu malami, babu mai tsawatarwa.

Mun san inda sakaci da harshe ke kai mu. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya faro ne daga taƙaddama kan wani wa'azi a Kwalejin Ilimi ta garin, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Irin wannan tsoro ne ke sa gwamnatoci tunanin ba masu wa'azi lasisi, kamar ƙudurin dokar da ya tayar da ƙura a Jihar Kaduna a 2016. A ganinmu, jami'in gwamnati ba zai iya auna ilimin mai wa'azi ba. Masu addinin ne za su iya, kuma idan suka ƙi yi, sun buɗe ƙofa a yi musu.

Saboda haka muke ganin akwai abubuwa huɗu da ya kamata ikilisiyoyin da ke aiki a wannan yanki su sa a gaba.

Na farko, a dawo wa karatun Hausa da martabarsa. Faston da zai yi aiki a Gagarawa da Hausa zai yi jana'iza, da ita zai sasanta ma'aurata, da ita zai gaishe da hakimi. Ya dace a ƙarfafa makarantu irin ta Tofa da malamai da littattafai, a kuma buɗe hanyar da wanda ya yi karatu da Hausa zai ci gaba har matakin difloma da digiri ba tare da an mayar da shi farko ba. Littattafan tauhidi na Hausa sun yi ƙaranci, kuma malaman Jos da Kagoro da Wusasa ne ke da alhakin rubuta su.

Na biyu, a kai karatun inda ɗalibin yake. Tun 1963 wata makarantar tauhidi a ƙasar Gwatamala ta fara tsarin da ɗalibi zai zauna a garinsu yana aikinsa, yana karatu da littattafai na musamman, malami kuma ya riƙa zuwa lokaci-lokaci. Wasu ikilisiyoyin Najeriya sun jima da ɗaukar wannan tsari. Ya dace da yankin Gumel sosai, domin da rani, bayan an kai gero da riɗi da zoɓo gida, manomi na da sarari. Azuzuwan rani a Gumel ko Dutse za su fi sauƙi ga magidanci a kan ya kwashe iyali zuwa Filato.

Na uku, a koya wa fasto addinin maƙwabcinsa daga bakin masu shi. Wanda zai zauna a tsakiyar Musulmi ya kamata ya san abin da suke girmamawa da abin da ke ɓata musu rai, kuma ya ji shi daga malamin Musulunci, ba daga ƙasidun gardama ba. Ƙungiyar PROCMURA, wadda ta samo asali tun 1959, an kafa ta ne domin irin wannan aiki. Wannan nasiha ta shafi makarantun da ke yaye limamai da masu wa'azin Musulunci su ma, domin jahiltar maƙwabci ba cutar ɓangare ɗaya ba ce.

Na huɗu, a ba shi sana'a. Ƙaramar ikilisiya ba za ta iya ɗaukar nauyin fasto da iyalinsa ba, kuma yunwa ce ke tura wasu ga sayar da addu'a da alƙawarin mu'ujiza. Noma da kiwo da koyarwa da kula da lafiya a matakin farko su shiga manhaja, matar fasto ma a horar da ita. Akwai misali a kusa. A Maraɗi, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara a 1983 koya wa manoma barin kututturan itatuwa su sake tofowa a gonaki. Dabarar ta bazu a kudancin Nijar, kuma yawancin waɗanda suka amfana Musulmi ne. Yankin da hamada ke matsa wa kamar Sule Tankarkar da Maigatari na buƙatar irin wannan ilimi a hannun kowane shugaban al'umma.

Gwamnati da masarauta ma suna da nasu kason. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin addininsa da koyar da shi. Ya dace ƙananan hukumomi da hakimai su san fastocin da ke yankunansu, su riƙa gayyatar su zaman tsaro da na sulhu tun kafin wata matsala ta taso. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, reshen Jigawa, ita kuma ta ajiye rajistar masu wa'azinta da inda kowa ya yi karatu, domin a iya bambance na gaske da na bogi.

Muna kira ga shugabannin ECWA da Angalika da Katolika da sauran ɗarikoki da su daina ɗaukar ƙananan ikilisiyoyin bakin iyaka a matsayin wurin tura wanda ba a samar wa gurbi a birni ba. Wurin da ya fi wuya shi ya fi cancantar wanda ya fi ƙwarewa. Kuɗin horar da fasto ɗaya da kyau bai kai asarar da wa'azi ɗaya na ganganci zai jawo wa gari ba.