Althea Gibson: 'Yar Riƙon Da Ta Buɗe Wa Baƙaƙen Mata Ƙofar Wasan Golf

A wannan wata labarin wata ba'amurkiya na kawo miki, ƙwararriyar 'yar wasan ƙwallon lambu, wato golf. Na san za ki ce, mu da ke fama da cefane da kuɗin makarantar yara, me ya haɗa mu da wasan masu hannu da shuni? To ki yi haƙuri ki biyo ni, domin a tsakiyar labarin nan akwai wata 'yar riƙo, kuma a ƙasar Hausa da wuya ki sami gidan da ba a taɓa yin riƙo a cikinsa ba.

Bari dai na fara da bayanin wasan. Ana yin sa ne a wani makeken fili mai ciyawa wanda aka haƙa wa ƙananan ramuka 18. Mai wasa zai riƙa bugun wata 'yar mitsitsiyar ƙwallo da sanda har ya jefa ta a kowane rami, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Akwai irin waɗannan filaye a Kaduna da Kano da Jos tun zamanin Turawa. Wanda ya mai da wasan sana'a kuwa ba shi da albashi. Shi zai biya kuɗin motarsa da masauki da ladan mai ɗaukar masa jakar sanduna, in bai taɓuka abin kirki a gasa ba ya koma gida hannu rabbana.

An haifi Althea Gibson ranar 25 ga Agusta, 1927, a wani ƙauye na Jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Iyayenta baƙaƙen fata ne masu noman auduga a gonar wani, a raba amfani da mai gona. Da talauci ya ishe su, a 1930 suka koma unguwar Harlem a birnin Niyok. Althea ta tashi yarinya mai ƙiriniya, ga gudun makaranta, ga faɗa a titi, ga tsoron dukan mahaifinta, har takan ƙi komawa gida. Ƙarshenta ta watsar da karatun ɗungurungum. A wurinmu irinta ce ake cewa ta gagari kowa, a cire rai da ita.

Sai dai Allah Ya yi mata baiwar wasa. A titin gidansu akan tare motoci da rana domin yara su yi wasanni, a nan ta koyi wani ƙaramin nau'in ƙwallon tanis, har ta zama zakarar mata ta birnin Niyok a 1939 tana da shekara 12. A 1940 maƙwabta suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin shiga wata ƙungiyar tanis ta baƙar fata. Kin ji hannu na farko da aka miƙa mata, kuma daga maƙwabta ya fito.

Hannu na biyu shi ne ya sauya rayuwarta. A 1946 wasu likitoci biyu baƙar fata, Dakta Hubert Eaton da Dakta Walter Johnson, suka ga wasanta suka ɗauki nauyinta, amma bisa sharaɗin ta koma makaranta. Lokacin karatu tana gidan Dakta Eaton a garin Wilmington tare da matarsa da 'ya'yansa, lokacin hutu kuma tana wajen Dakta Johnson tana atisaye da zagayen gasa. Ki lura da kyau uwargida, shekarunta 19 a lokacin, ta zauna aji ɗaya da yaran da ta girme su nesa ba kusa ba. Likita dai ya yi alkawari, amma ni da ke mun san wadda riƙo ke faɗa wa a ka, ita ce matar gida. Ita ce da girkinta, ita ce da koya mata ladabi da tsabta da zama da mutane, ita ce da haƙurin jure halin yarinyar da ta saba kwana inda dare ya yi mata. A wannan gida Althea ta kammala sakandare a 1949, ta wuce wata jami'a a Jihar Fulorida ta sami digiri a 1953, har ta koyar a wata jami'ar.

Daga nan sai ɗaukaka ta zo. A 1950 ta zama baƙar fata ta farko da aka bari ta shiga babbar gasar tanis ta Amurka. Ta ci gasar Faransa a 1956, sannan ta ci ta Wimbledon a Ingila da ta Amurka a 1957, ta maimaita duka biyun a 1958. Sarauniya Elizabet ta Biyu da kanta ta miƙa mata kyautar 1957. Amma a wancan zamani waɗannan manyan gasanni ba a ba da ko sisi, sai kofi da tafi. Suna ya cika duniya, aljihu wayam. Dole ta ajiye gasar a 1958 ta shiga neman abin kai wa bakin salati, ta yi waƙa, ta fito a fim, ta yi wasannin nuni, duk ba su riƙe ta ba.

Wannan ne ya kai ta ga golf, wasan da ake biyan mata kuɗi in sun ci. Wasu mata 13 ne suka kafa ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan golf ta Amurka, LPGA, a 1950, kuma babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta har sai da Althea ta zo. Ta fara shiga gasanninsu a 1963, ta sami cikakken katin zama 'yar ƙungiya a 1964, tana da kimanin shekara 37, shekarun da 'yan wasa da yawa ke shirin yin ritaya. Abokan karawarta tun suna yara suke riƙe da sanda, ita kuwa sai ta duƙufa atisaye ba dare ba rana. Ƙarfin bugunta ya yi suna, don ba kasafai ake samun macen da ke tura ƙwallo nesa kamarta ba.

Wahalar da ta sha ba a cikin fili kaɗai take ba. Otel-otel da dama sun hana ta masauki saboda launin fatarta. Wasu ƙungiyoyin sun ƙi yarda ta yi wasa a filinsu, wasu kuma suka bar ta ta yi wasan amma suka hana ta shiga ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya da cin abinci, sai dai ta sauya a cikin motarta. Matar da ta gaisa da sarauniya ke nan. Duk da haka ta shiga gasa 171 tsakanin 1963 da 1977. Ba ta taɓa cin ko ɗaya ba. Inda ta fi kusa shi ne a 1970 a Jihar Ohayo, inda suka yi kunnen doki su uku, aka yi bugun raba gardama ta sha kaye. Duk abin da ta samu a golf tsawon waɗannan shekaru bai kai dala 25,000 ba.

Wata za ta ce ashe asara ta yi. Ni ban ga haka ba. A 1967 baƙar fata ta biyu, Renee Powell, ta shigo ta ƙofar da Althea ta buɗe. Yau har matan Afirka na cikin wannan sana'a, irin su Maha Haddioui ta Maroko wadda ta wakilci ƙasarta a wasannin Olamfik na 2016 a Birazil, da Georgia Oboh 'yar Nijeriya. Kuma lokacin da ƙarfi ya fara ƙarewa, karatun nan da aka tilasta mata ya yi rana, domin a 1976 aka naɗa ta kwamishinar wasanni ta Jihar New Jersey.

Ƙarshen rayuwarta akwai ban tausayi. Ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba. A 1992 ta sami shanyewar ɓarin jiki, jinya ta cinye ɗan abin da ke hannunta. Tsohuwar abokiyar wasanta, Angela Buxton 'yar Ingila, ita ce ta kai kukanta ga duniya aka tara mata kusan dala miliyan 1. Ta rasu ranar 28 ga Satumba, 2003, tana da shekara 76.

To uwargida, mu dawo gida. Kin san halin da ƙasar Birnin Gwari ta shiga na shekara da shekaru, tun da 'yan bindiga suka sami mafaka a dajin Kamuku da na Kuyambana da ke maƙwabtaka da shi a Zamfara. Ƙasar da ke ciyar da jama'a da masara ta wayi gari manomi ba ya iya zuwa gonarsa, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, ƙauyuka suka watse. A Maris ɗin 2021 har makarantar firamare ta Rama aka shiga aka tafi da malamai 3. A Nuwamban 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindigar aka sake buɗe kasuwar shanu, amma kasuwa ake buɗewa a rana ɗaya, shekarun karatun da yarinya ta rasa ba sa dawowa da sanarwa. Iyaye da yawa sun tura 'ya'yansu mata wajen dangi a cikin garin Birnin Gwari, ko Kaduna, ko Funtuwa, ko Zariya, don tsira da rayuwa da mutunci. Wataƙila ɗaya daga cikinsu na gidanki, ko gidan maƙwabciyarki.

Tambayata gare ki ita ce, da safe in 'ya'yanki sun sa kayan makaranta, ita me take yi? Wanke-wanke da raino ne, ko an ɗora mata farantin talla? Uwarta ta ba ki ita ne don ta san kin fi ta kwanciyar hankali, ba don kina neman 'yar aiki ba. Ban ce kada ta yi aikin gida ba, ai 'yar cikinki ma tana yi. Abin da nake roƙo shi ne a raba aikin daidai, a raba abinci daidai, ɗinkin salla ma a yanko daga turmi ɗaya.

Kada kuma ki ce ta yi girma da aji. Althea na da shekara 19 ta koma sakandare, gemu ba ya hana ilimi. Ki je ki sami hedimasta ko shugabar makarantar da ke kusa a gwada ta a sa ta ajin da ya dace da ita, in ta fi ƙarfin firamare a nemi ajin yaƙi da jahilci ko na koyon sana'a. In kin ga tana firgita cikin dare, ko ta yi shiru da yawa, ko tana da saurin fushi, ki tuna abin da idonta ya gani kafin ki ɗaga murya. Ki kuma sa ido ki gano baiwarta. Ba lalle ta zama 'yar wasa ba, wata lissafi ne, wata ɗinki, wata hannunta na jinya ne. In nauyin ya yi miki yawa ke kaɗai, ki tuna maƙwabtan Harlem da karo-karonsu. Matan unguwa da ke iya haɗa adashin biki ba za su kasa haɗa kuɗin littattafan yarinya ɗaya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matar likitan nan ba ta san abin da baƙuwarta za ta zama ba lokacin da ta shimfiɗa mata gado, ta dai riƙe ta tsakani da Allah. Ke ma ba ki san wadda ke kwana a ɗakin 'ya'yanki ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da Birnin Gwari da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, a gaida yara.