FILIN MATA: Gudun Yada-Ƙanin-Wani

 Makon nan wata takarda na samu daga wata malamar makarantar 'yan mata a nan Zuru, matar aure ce mai 'ya'ya biyu. Ta roƙe ni in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ta ce bara ta tafi wani babban birni ta shiga tseren nan na dogon zango, ta yi rabin gudun famfalaki, watau kilomita 21, ta gama cikin sa'a biyu da minti arba'in. Ba ta ci kyauta ba, mutane da yawa sun riga ta, amma dai ta kai ƙarshe da ƙafarta, ba a ɗauko ta a mota ba. Yanzu ranta ya biya ga cikakken gudun. Maigidanta ya yarda, amma surukarta ta ce atafau, wai gudu yana hana haihuwa, kuma mutanen unguwa sun fara zunɗe. To, ta ce, ina dabara?

Bari mu fara da bayyana abin, domin waɗanda ba su san shi ba. Cikakken gudun famfalaki, wanda Hausawa suka laƙaba wa gudun yada-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, watau mil 26 da 'yan kai. Wannan awo ya samo asali ne daga wasannin Olamfik da aka yi a Landan cikin 1908. Ke 'yar makaranta, in filin wasanku mai kewayen mita 400 ne, to, sai kin kewaya shi sau 105 da rabi kafin ki cika. Malamar nan tamu ta yi kamar sau 53 ke nan ba hutawa. Kun ga ashe ba ƙaramin aiki ta yi ba.

Zancen surukar nan kuwa, kada ku yi mata dariya, don ba ita ta fara shi ba. Turawa ma da kansu sun daɗe suna faɗin haka. A birnin Boston ta Amurka, cikin 1967, wata budurwa mai suna Kathrine Switzer ta shiga tseren da lamba 261 a ƙirjinta. Tana cikin gudu sai wani babba daga masu shirya tseren ya biyo ta a fusace, ya kai hannu zai fizge lambar, domin a ganinsa mace ba ta da wuri a nan. Ba ta tsaya ba sai da ta gama. Sai a 1972 aka buɗe wa mata ƙofar wannan tsere, a wasannin Olamfik kuwa sai 1984, a Los Angeles, inda Joan Benoit ta zo ta ɗaya. Ba a jima ba matan Afirka suka karɓe abin. Tegla Loroupe ta Kenya ta ci na New York a 1994, Fatuma Roba ta Habasha ta ci zinariya a Atlanta a 1996.

Game da haihuwa, ga abin da za ki gaya wa Inna cikin ladabi. Wata Baturiyar Ingila, Paula Radcliffe, ta haihu a watan Janairu na shekarar 2007, watan Nuwamba na wannan shekara ta ci tseren New York. Daga baya ma ta sake haihuwa. Gudu ba ya zubar da mahaifa. Amma akwai wata gaskiya ɗaya cikin tsoron tsofaffi, ba kuwa zan ɓoye muku ita ba. Macen da take wahalar da jikinta ƙwarai, ba ta cin abinci isasshe, al'adarta tana iya ɗaukewa, ƙashinta kuma ya yi rauni. In kin ga haka, ki rage gudu, ki ƙara ci, ki tafi asibiti. Mai juna biyu da mai jego kuma kada su fara wannan shiri sai likita ya duba su.

Masu zunɗe fa? Su abin da za su kama shi ne sutura da fita. To, ba dole ne a yi gudu da ɗan kamfai ba. Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci tseren mita 200 a Doha cikin 2006 tana rufe ruf, har da kallabi. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai yi wa ƙasar Holan gudu, ta ci famfalakin Faris a 2024, ta hau karɓar zinariyarta da hijabi. Ki ɗinka dogon wando da riga mai saki, marar nauyi, da ɗan ƙaramin hijabi wanda ba zai harɗe ki ba. Mu a ƙasar Zuru ma ina abin mamaki? Ƙasar da ake alfahari da 'yan kokawa ran bikin Uhola, ƙasar da ta cika barikoki da sojoji, ai ba a kan katifa uwayensu suka haife su ba. Matar da take tashi da asuba ta nufi gona, ta dawo da damin dawa, ta tafi rafi, ta riga ta yi rabin aikin.

Yanzu sai shiri. Malama, ki sani cikakken gudu ba rabi biyu ba ne kurum. Jikin mutum yana ajiye abincin ƙarfi a hanta da tsoka, wannan ajiya kuwa takan ƙare wajen kilomita 30. Nan ne ƙafa take yin nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Saboda haka kada ki ce sa'a biyu da minti arba'in sau biyu. Ki ƙara kamar rabin sa'a a kai, ki sa ran abin zai kusa sa'a shida. Burinki na fari shi ne ki gama lafiya. Zancen lokaci a bar shi sai karo na biyu.

Tseren Ikko, wanda aka fara a 2016, a watan Fabrairu akan yi shi. In shi kika nufa, ki ba kanki wata huɗu zuwa biyar, watau ki fara da ɗaukewar ruwa. Ki yi gudu kwana uku ko huɗu a mako. Kwana ɗaya daga ciki, Asabar misali, ki yi mai tsawo, a hankali ƙwarai, yadda za ki iya magana da abokiyar gudunki ba tare da haki ba. Kowane mako ki ƙara kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da kika yi makon jiya. Kowane mako na huɗu ki sassauta. A haka har ki kai kilomita 30 ko 32 sau ɗaya ko biyu. Saura mako uku tsere, sai ki riƙa ragewa, domin jiki ya tara ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa.

Hawa da gangaren ƙasarmu alheri ne gare ki, suna ƙarfafa cinya. Amma ki tuna sanyin hunturu kika yi shiri da shi, Ikko kuwa zafi ne da gumi. Ki koyi shan ruwa kaɗan-kaɗan kina cikin gudu, wani lokaci da ɗan gishiri da sukari, ki riƙe dabino biyu uku a aljihu. Ki ci tuwo ki ƙoshi, ki yawaita wake da zogale da ƙwai da hanta, don mu mata jininmu yakan yi ƙaranci. Takalmi kuma kada ki sa sabo ran tsere, sai wanda ƙafarki ta saba da shi. In zazzaɓi ya kama ki, ki kwanta har ki warke. In kin ji ciwon ƙirji ko jiri, ki tsaya nan take.

Abu na ƙarshe, shi ne mafi nauyi. Dukanmu mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan ƙasar nan. Kada ki bi hanyar daji, kada ki fita da duhu, kada ki fita ke kaɗai. Ki tsaya cikin gari ko filin makaranta, ko da kewayawa za ta gundure ki. Ki nemi mata biyu uku ku riƙa yi tare, ko maigida ya bi ku a keke da gorar ruwa. Ran da 'yan unguwa suka ga shi ne mai riƙe miki ruwa, bakinsu zai mutu.

Inna kuwa kada ki yi musu da ita gaban mutane. Ki gama aikin gidanki kamar kullum, ki kai mata tuwonta a kan kari, ki bar lafiyar jikinki ta ba ta amsa.

Ku kuma 'yan makaranta, ba ku na ce ku tashi da kilomita 42 ba, ƙashinku bai gama ƙwari ba tukuna. Ku fara da kewaya fili sau biyu ko uku, ku shiga wasannin makaranta. Wadda take da tambaya ta rubuto, zan amsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Taku,
Gwaggo