Wasiƙa Daga Madina: Wasan Autan Kawu da Maganar Karo-karo



Wannan karon ba daga Leeds nake rubuto muku ba, daga Madina ne. Na samu hutun mako biyu, na yi Umara, sannan na hau jirgin ƙasan Haramain na zo na sauka gidan Kawu. Duk suna lafiya, suna gaishe ku. Masu ƙorafin na yi shiru kwana biyu ku yi haƙuri, babi na huɗu na kundin digirina ne ya shaƙe min wuya.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne saƙon da Autan Kawu ya tura zauren dangi na WhatsApp, inda ya ce ya ƙirƙiro wasa irin na zube a tabarma, yana son a yi masa karo-karo ya kai shi Kickstarter. Wasu sun ce Allah ya sa albarka suka wuce, wasu sun yi dariya. Yaya Babba kuwa kirana ya yi, ya ce, “Kai da ke zaune a Turai, wannan abu sana'a ce ko shiririta?” To ga amsata a fili, kowa ya gani, har da shi Autan. Sana'a ce, kuma yaron yana da basira. Amma ni ban yarda a tara masa ko sisi yanzu ba.

Bari in fara da wasan, domin dare uku muka yi muna buga shi a saman bene bayan sallar isha'i. A bayan kwalin dabino ya zana shi, 'ya'yan wasan kuma ƙwallayen dabino ne da ya shafa wa fenti. Ko suna bai raɗa masa ba tukuna. Hanyar da ya zana ita ce wadda Malam, ƙanen kakanmu, ya bi da ƙafa har ya zo ya kafa wannan gida: Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, gonakin auduga na Jazira, sai tashar Suwakin a bakin Bahar Maliya. Kowane ɗan wasa matafiyi ne da guzuri kaɗan. In guzuri ya ƙare dole ka yada zango ka yi ƙwadago, ko ɗinki, ko wankau, ko tsinkar auduga, kafin ka ci gaba. Kati ne ke kawo damina, ko zazzaɓi, ko ma'aikacin iyaka mai neman takarda. Wasan yana ƙarewa ne a Jidda, domin Auta ya ce ba zai zana Harami a kan abin da yara za su taka ba. Wannan hankali nasa ya burge ni.

Daren farko sai da na ji ƙwalla. Kawu ya zauna gefe yana gyara mana, yana cewa a'a, Malam shekara biyu ya yi a Madani ba ɗaya ba. Jikokinsa da Hausarsu ta fi karkata ga Larabci suka riƙa tambayar ina ne Abeshe. Ni kuma ina kallon Junaina da Fashir a kan kwali, garuruwan da tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ba ma jin sunansu sai a labarin kisa. A dare na uku kuwa, wani jikan Kawu ɗan shekara 11 ya gano cewa duk wanda ya yi banza da komai ya ruga Jazira ya tara kuɗin auduga, shi ke cin wasa. Sau uku ya yi haka, sau uku ya cinye mu. Dara ta ci gida ke nan. Auta ya ce, “Yaya, wannan ai ƙaramin gyara ne.” Na ce masa ƙila, amma wane ne ya gano? Yaro, a dare na uku. Sauran ramukan da ba a taka ba fa?

Ga waɗanda ba su san Kickstarter ba, dandali ne na intanet da aka buɗe a Amurka a 2009. Mai sabon abu zai nuna samfurinsa, ya faɗi kuɗin da yake nema da ranar rufewa. Mutane su yi alkawarin biya, yawanci don a aiko musu da kwafi in an buga. In kuɗin ya cika a cire a ba shi, dandalin ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari ban da ladan masu sarrafa katin banki. In bai cika ba, ba a taɓa kuɗin kowa. Alƙaluman da suka ɗauke wa Auta hankali gaskiya ne, ba ƙarya ya yi muku ba. A 2015 wani wasan kati mai suna Exploding Kittens ya tara sama da dala miliyan 8 daga mutum fiye da 219,000. A 2020 Frosthaven ya tara kusan dala miliyan 13.

To amma mai kallon rumbu ya kamata ya tambayi yadda aka yi noman. Mai Frosthaven, Isaac Childres, ɗalibin digiri na uku ne irina, a fannin fiziks a Jami'ar Purdue, lokacin da ya fara harkar. Da ƙaramin wasa ya fara a 2014, sannan Gloomhaven a 2015, wanda karon farko bai kai dala 400,000 ba. Frosthaven ya zo ne bayan dubban mutane sun riga sun buga wasansa sun yarda da hannunsa. Shi kuwa Exploding Kittens, ɗaya daga cikin masu shi mai zanen barkwanci ne da miliyoyin mutane ke bi tun kafin a yi maganar kati. Klaus Teuber na Jamus, wanda ya yi Catan a 1995, mai haɗa haƙoran roba ne. Da daddare yake yanke-yanken kwali a gida, ya gwada a kan matarsa da 'ya'yansa, kuma sau uku yana cin kyautar wasan shekara ta Jamus kafin Catan, duk da haka bai bar aikin haƙori ba sai bayan Catan ya kafu. Elizabeth Hargrave, mai Wingspan na 2019, ba ta ma nemi kuɗin jama'a ba. Ta yi ta gwadawa da gyarawa, sannan ta kai wa kamfani ya buga. A ƙungiyar masu irin wannan wasa ta jami'armu, akwai daren da ake warewa don samfuran da ba a gama ba. Za ka miƙa wa baƙi kwalinka da takardar dokoki, ka koma gefe ka kame bakinka. In suka ruɗe, laifin takardarka ne. Wasan Auta bai taɓa shiga hannun wanda ba ya jin nauyinsa ba.

Ni ma an taɓa ni, shi ya sa nake magana da zafi. Shekarar da na fara karatu na zuba fam 70 daga kuɗin tallafina a wani wasa, aka ce wata goma zai iso. Mai wasan ba ɗan damfara ba ne, na yi imani da haka. Lissafi ne ya kwance masa. A 2021 kuɗin dakon kwantena ya haura dala 10,000, abin da a da bai kai 2,000 ba. Ya nemi mu ƙara kuɗin aike, muka ƙara. Daga nan wasiƙunsa suka fara ja baya, daga wata-wata zuwa shiru. Har yau ban ga kwali ba. Wani bincike da Ethan Mollick na Jami'ar Pennsylvania ya yi a 2015 ya nuna kusan kashi 9 cikin ɗari na ayyukan da suka samu kuɗi ba su kai wa mutane abin da suka yi alkawari ba. A 2025 kuma harajin da Amurka ta ƙaƙaba wa kayan Sin ya sake rikita masu buga wasanni, domin yawancinsu a can ake yi musu aiki. Ni baƙo ne a wajen wancan mutum, na yi tsaki na wuce. Auta fa? Waɗanda zai ci wa kuɗi su ne waɗanda zai haɗu da su a kowane suna da kowace ta'aziyya har ƙarshen ransa.

Jiya da la'asar na bi Kawu kasuwar dabino, a nan ne abin ya warware min. Muna tsaye yana taya ajwa, sai na tuna hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya zo garin nan, ya tarar mutane suna biyan kuɗin dabino tun shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe. Bai hana ba, sai ya sa sharaɗi: a san mudu, a san nauyi, a san ranar bayarwa. Shi ne malamai ke kira cinikin salam, kuma ya yi kama da ba-da-kaka da manomanmu suka sani. Ni ba malami ba ne, ban kuma ce Kickstarter salam ba ne, don su da kansu suna nanata cewa su ba kanti ba ne. Amma dai biyan kuɗin abin da bai wanzu ba tsohon al'amari ne a Madina, kuma maganin rigimarsa ma tsoho ne. Na tambayi Auta: kati nawa ne a kwalin? Ya ce tsakanin 80 da 120. Nawa ne nauyinsa, tunda da nauyi ake biyan kuɗin aike? Bai auna ba. Yaushe zai iso Kano? Ya ce in sha Allahu bayan Sallah. Na ce wace Sallar? Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya kawo hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce in babu kuɗi ba zai iya biyan mai zane ba, in babu zane mai kyau ba wanda zai kalli kwalin dabino. Ya ce matasan nan sun riga sun kamu, duk istiraha ka shiga ana buga Jackaroo ko balot, har gasar balot ta ƙasa aka fara a Riyad a 2018, kuma in bai yi sauri ba wani zai riga shi. Na yarda da rabi. Kasuwa akwai ta. Amma ba wanda zai riga shi labarin Malam. Sannan duk sanda na duba jerin ƙasashen da Kickstarter ke yarda mutum ya buɗe neman kuɗi daga cikinsu, ban ga Nijeriya ko Saudiyya ba. Ma'ana da sunana da asusuna na Ingila yake so a buɗe. Wato ni zan amsa tambayar mutane, ni da bizar ɗalibi, wadda ba ta yarda in yi kasuwanci ba. Wannan ɓangaren bai sa shi a saƙon WhatsApp ba.

Misalin da na fi so ya duba yana Abuja, ba Amurka ba. Kenechukwu Ogbuagu ya fara ƙirƙirar wasa ne lokacin dogon yajin aikin ASUU na 2013. Ya kafa NIBCARD Games, ya riƙa haɗa wasanni a cikin gida Nijeriya, ya fara taron masu wasannin na Afirka a 2016, ya buɗe wajen zama a buga wasa. A 2021 NIBCARD ya ci kyautar Diana Jones, wadda ake ji da ita a wannan fage. Mutane ya fara tarawa kafin duniya ta waiwaye shi. Mu kuwa da muka tashi da ludo da Whot, ba mu taɓa tambayar wa ya yi su ba. A nan Leeds ɗin da nake karatu kamfanin Waddingtons yake a da, wanda ya daɗe yana buga Whot. Darar da tsofaffinmu ke yi a gindin bishiya, rami 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ba ta gaza su dabara ba, kwali kawai ta rasa.

Gwaggo ta tambaya ko wannan ba caca ba ce. Gwaggo, ba a sa kuɗi a ciki, kuma babu ɗan ludo da ake jefawa, don Kawu ya ce ba za a shigo masa da shi gida ba. Sauran bayani na bar wa malamai.

Ga abin da muka tsayar da shi da Kawu. Auta zai toshe ramin Jazira, ya rubuta dokoki a shafi biyu da Hausa da Larabci. Zai yi kwafi 20 da hannu, a maɗaba'ar unguwa, da ƙwallayen dabinonsa, don ni a ganina sun fi roba kyau. Kuɗin wannan ni da Kawu za mu biya, kuma kyauta ce, ba bashi ba, ba hannun jari ba, kada wani ya zo gobe yana tambayar riba. Goma za su zauna a Madina, biyar zan tafi da su Ingila in ba waɗanda ba su san Malam ba, biyar kuma za su zo Kano. In an yi wata shida ana bugawa, mutane suna neman a sake ba don kunya ba, sai a nemi farashi a rubuce daga masu bugawa, a auna kwali, a sa rana. Ranar nan ni zan fara biya, in kuma turo muku da lambar asusu da kaina.

Auta bai ji daɗi ba, jiya ko shayi bai sha da mu ba. Amma da asuba na gan shi da almakashi yana rage katunan auduga.

Yaya Babba, kwafi biyar ɗin nan hannunka za su zo ta wajen masu dawowa daga Umara. Don Allah kada a ajiye su a saman firji. A ba yaran gidan, a kai ɗaya teburin mai shayin bakin layi, kuma duk wanda ya gano wata hanyar cuta a wasan a rubuto min ita. A gaida Hajiya, a ce mata ajwarta tana cikin jakata. Ranar Asabar zan koma Leeds in Allah ya yarda.

Wassalam,
Naku a kullum.