Kada Jami'a Ta Manta Da Ƙofar Mata

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata da sassafe zai ga abu biyu. Ga tsohuwar marina, wadda aka ce tun shekarar 1498 ake rini a cikinta, ga kuma jama'a maza da mata suna tururuwa zuwa Asibitin Murtala, wasu a ƙasa, wasu an riƙo su. Mafi yawansu ba karaya ko rauni ya kawo su ba. Hawan jini ne, da ciwon sukari, da tarin fuka, da ciwon hanta, da kumburin ƙafa wanda mai shi bai san daga zuciya yake ko daga ƙoda ba. Waɗannan su ne rabon Sashen Cututtukan Cikin Jiki, wato sashen likitocin manya masu warkarwa ba da wuƙa ba, kuma a kansa muke son mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikatan gwamnati.

Mun lura idan ana hira a ɗakunan kwana, likitan tiyata ake yi wa kirari, don aikinsa a fili yake: an yanka, an ɗinke, an warke. Shi kuwa likitan cikin jiki, kayan aikinsa kunne ne da ido da haƙuri. Zai zauna ya saurari labarin ciwo tun daga farkonsa, ya taɓa jijiya, ya saurari ƙirji, ya danna ciki, kana ya aika a auna jini. A makarantar likita kuma kaya uku ke kansa: ya duba majinyaci, ya koyar da ɗalibai a bakin gado lokacin zagayen safe, ya kuma binciki cututtukan da suka addabi ƙasarsa. In ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba za su tsaya ba, kamar duwatsun murhu.

Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, a Ƙofar Mata wannan aiki ya yi rarrafe a Kano. Asibitin Murtala, wanda a da ake kira Asibitin Birni kafin a sa masa sunan Janar Murtala Muhammed da aka kashe a 1976, shi ya fara karɓar ɗaliban likita na Jami'ar Bayero. Ko da aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, a nan ya yi zaman aro, sai a 1996 ya koma mazauninsa na hanyar Zariya. Ƙaurar ta yi amfani, don kuwa a 2002 aka fara dashen ƙoda a can, abin da dole mu yi alfahari da shi. Amma ra'ayinmu shi ne, komai kyawun sabon gida, ilmin cututtukan talaka yana wurin da talaka ya fara zuwa.

Ga misali da zai gamsar da mai shakka. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Eldryd Parry, wanda ya riƙe kujerar wannan fanni daga 1969 zuwa 1977, shi da abokin aikinsa Davidson sun lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya gagara. Suka bi mata 224, suka buga sakamakon a 1978, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta, bisa hujjar cewa kanwa tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya nauyi. Shekaru da dama haka ake koyarwa har a Turai. Daga baya likitocin zuciya na Kano, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Ƙaraye, suka sake duba lamarin tare da asibitoci 22 na Nijeriya. Abin da suka bayyana a 2020 shi ne, ciwon yana nan da ƙarfinsa a Arewa maso Yamma, yana kama kusan mace ɗaya cikin masu haihuwa ɗari, amma ba su sami alaƙarsa da waɗannan al'adu ba. Abin da suka samu shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Tun kafin nan ma sun gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Wannan ba izini ba ne a cika wa mai hawan jini kanwa. Darasin dai shi ne, da ba a koma bakin gadon matanmu ba, da har yau kakanninmu kaɗai muke zargi, mu ƙyale talauci.

Saboda haka muna da roƙo uku. Na farko, a ƙarfafa zumunci tsakanin jami'a da asibitocin jiha, manyan malamai su riƙa zagaye da ɗalibansu a Ƙofar Mata da asibitocin karkara a kai a kai, don ɗalibi ya iya gane ciwo ko babu na'ura a kusa. Na biyu, a koyar da tambayar majinyaci da Hausa, a kuma yi jarrabawa a kanta. Wanda ya ce yana fama da basir, ko sanyi, ko shawara, yana iya nufin cututtuka iri-iri, likitan da bai san hanyar tono maganar ba kuwa zai ba da maganin abin da ba shi ne ba. Na uku, abin da aka gano a bincike a mayar wa masu shi ta rediyo da harshensu, kada ya ƙare a mujallun Ingila.

Mun san za a ce malamai ba su da yawa, kuma kullum ana rasa wasu zuwa Saudiyya da Ingila. Gaskiya ne, ba kuma za mu zagi wanda ya tafi neman abin rufin asiri ba. A nan ne ku matasan ma'aikata kuke da hannu, ku da takardun kasafi ke bi ta teburanku. Likitan da ya sami albashinsa a kan kari, da ɗakin gwaji mai wuta, da ajiyar takardun majinyata mai tsari, zai yi nauyin ƙafa wajen tafiya. Ku tuna hawan jini ba ya sallama, kuma ba ya tambayar matakin albashi. Gobe ku ko iyayenku ne a kan wannan gado.

Mu ma ɗalibai da sauranmu. Mu daina raina fannin da ba ya zuwa da tafi, mu koyi zama mu saurari tsohuwar da ta zo daga ƙauye, don da harajin irinta aka gina ajin da muke zaune. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa wa malamanmu albarka.